Yadda Ake Ɗaukar Hoton Karkara, Kufai da Tsofaffin Gine-gine: Jagora ga Mai Waya ko Ƙaramar Kyamara

Mafi yawan hotunan ƙauye da ke cike da wayoyinmu tsakanin ƙarfe 11 na safe da 3 na rana aka ɗauke su, kuma shi ya sa suke fitowa fayau: sama fari fat, ƙasa ba inuwa, katangar da ido ya ga ta yi kwarjini ta koma tarin jar ƙasa. Mai wayar sai ya ɗora wa wayar laifi. Gaskiyar magana, Tecno ko Infinix mai matsakaicin kuɗi, in an fita da ita bayan asuba, za ta kawo hoton da kyamara mai tsada ba za ta kawo da tsakar rana ba. Don haka aikin daga lokaci yake farawa, kafin a zo maganar saiti.

Fara da sanin inda rana za ta tsaya

A Kano da garuruwan da ke layi ɗaya da ita, rana kan fito wajen 6:00 a watan Yuni, ta kai kusan 6:50 a Janairu. Da yake muna kusa da tsakiyar duniya, ranarmu miƙewa take yi sama kai tsaye, tana hawa kimanin digiri 15 a kowace awa. Hasken nan mai launin zuma bai cika wuce minti 40 ba, safe da yamma. Bayan faɗuwar rana kuma minti 20 zuwa 25 kawai ke gare ka kafin duhu ya rufe.

Ma'auni mafi sauƙi inuwarka ce. Muddin ta ninka tsawonka biyu ko fiye, ci gaba da aiki. Wannan yakan kai kusan awa biyu bayan fitowar rana, sannan ya dawo daga la'asar sakaliya. Da zarar inuwarka ta gaza tsawonka, bar hoton fili, ka koma cikin zaure, ƙarƙashin rumfa ko gindin tsamiya, inda haske yake da laushi.

Akwai abin da masu ɗaukar gini kan manta. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta, rana ta arewacinmu take bi da tsaka. Sauran shekara kuma ta kudu. Ƙofar da ke kallon arewa, in ka je mata a Disamba, yini za ta yi cikin inuwa. Ka bar ta sai Yuni. Wadda ke kallon gabas ta safe ce, mai kallon yamma ta la'asar. Shi ya sa zuwan farko na leƙe ne: buɗe kamfas ɗin wayarka, rubuta inda fuskar ginin take kallo, nemi wurin tsayuwa, sannan ka dawo a lokacin da ya dace. Zanen da magina ke yi a fuskar soro, da sawun yatsu a jikin yaɓe, ba sa fitowa sai haske ya zo daga gefe yana shafar bangon. In ya doke shi gaba da gaba, komai shafewa yake.

Kowane yanayi da irin hotonsa

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da mutane ke kuka da hazo, amma yana da kyautar da babu ita a sauran shekara. Hazo yana raba nesa da kusa hawa-hawa: kukar da ke gabanka baƙa ƙirin, giginyun bayanta toka-toka, dutsen can nesa da ƙyar ake ganinsa. Don ka samu haka, fuskanci ɓangaren da rana take, ka jawo hoton da 2x, ko 3x in wayarka na da gilashin nesa, ka rage sararin sama a cikinsa domin babu komai a ciki sai fari. Kyamara in ta ga fari da yawa takan zaci haske ya yi yawa, sai ta duhunta hoton. Ƙara mata haske da +0.3 zuwa +0.7 a ma'aunin ƙara haske da ragewa (EV). Launi kuma kar ka bar shi a hannun waya, don za ta wanke jan ƙurar ta mai da shi toka. A sashen Pro na kyamarar waya, inda kake saiti da hannunka, sa WB, wato ma'aunin launin haske, tsakanin 5500 da 6000.

Damina kuwa lokacin sararin sama ne. Hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa. In ya haɗu da la'asar, rana tana bayanka a yamma tana haska gero da rumbuna, gabanka kuma gajimare baƙi ƙirin, to ka samu hoton da ya fi kowanne a shekara, kuma bai cika daɗewa ba, wani lokaci minti biyar. Rage haske da -0.7 don baƙin hadarin ya zauna. Da ka ji tsawa ta matso, sauka daga kan dutse, kar kuma ka fake a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili. Washegarin ruwa iska takan wanke tas, ranar ce ta hoton nesa daga kan Dala ko duwatsun Dutse.

Kaka, Oktoba da Nuwamba, ta aikin mutane ce: dammunan gero a jingine, sussuka, shiƙa, amalanken shanu ɗauke da kara. Ƙaiƙayin da mai shiƙa ke saki yakan yi walƙiya in rana tana bayanta kuma akwai duhun itace ko bango a baya. Bazara ita ce mafi wuya: zafi, farin sama, ƙasa tsirara. Sai dai a lokacin gawo yake kore shar, tunda shi da damina yake zubar da ganye. Gawo ɗaya da tumaki a inuwarsa tsakiyar busasshiyar gona ya isa hoto.

Saitin waya, kafin ka bar gida

Goge gilashin kyamarar. Hatsi-hatsin da ke sa hoto ya zama kamar an shafa masa mai, galibi maiƙon yatsa ne. Da hunturu ka fara hure ƙurar kafin ka goge, domin akwai yashi a cikinta, yana karce gilashi.

Sa girman hoto a 4:3. Shi ke amfani da dukan sensa, wato ɗan allon cikin kyamara da ke karɓar haske. 16:9 da cikakken allo yanke sama da ƙasa kawai suke yi. Kunna layukan raga masu raba allo gida tara. Kashe filasha, kashe gyaran fuska, kashe tambarin sunan waya da ke fitowa a kusurwa, haka ma saitin AI da ke mai da ganyen dawa kore irin na fenti.

Game da jawo hoto: babbar kyamarar, wato 1x, ita ce mai kyau a kusan kowace waya. Ta 0.5x tana da rauni a duhu kuma tana lanƙwasa gefuna. In wayarka ba ta da gilashin nesa na musamman, duk abin da ya wuce 2x yanka ne da faɗaɗawa, shi ya sa yake fitowa dusu-dusu. Taka da ƙafa ka matsa.

A wurin ɗauka, danna yatsa ka riƙe a kan abin da kake so ya fito sarai har waya ta kulle saiti, sannan ka ja alamar ranar ƙasa kaɗan har sama ta daina ƙonewa. Dalili shi ne, wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi wajen gyara, amma wanda ya ƙone fari babu abin da ya rage a cikinsa. HDR, saitin da ke haɗa hotuna da yawa ya fitar da ɗaya, yana da amfani in akwai duhu da haske tare kuma babu mai motsi. In shanu na tafiya, yakan ninka musu ƙafafu.

In kyamara ce a hannunka

Sa ta a A ko Av, inda kai ke zaɓar faɗin ƙofar haske ita kuma ta zaɓi saurin ɗauka, ka zaɓi f/8, ISO (ƙarfin jin haske na sensa) 100 ko 200. Wannan zai ɗauke maka yawancin hotunan fili. In akwai abu kusa da kai da kake so ya fito tare da nesa, koma f/11 ka sa saitin a kan abin da ke wajen kashi ɗaya cikin uku na zurfin hoton. Kar ka saba da f/16 ko f/22: kaifi yana raguwa, kuma duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama.

Sa ido a kan saurin ɗauka. Ga mai riƙewa da hannu, kar ya gaza lambar gilashin: 1/60 na daƙiƙa ga gilashi mai 50mm, 1/250 ga mai 200mm. Mutum mai tafiya ko amalanke 1/250. Yara a guje ko mai keke 1/500. Tsuntsayen fadama irin na Hadejia da Nguru 1/1000 zuwa sama. In haske bai isa ba, ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 ba tare da fargaba ba. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa yana gyaruwa, wanda ya girgiza ba ya gyaruwa.

Ƙura ce babbar abokiyar gabar kyamara a ƙasarmu. Zaɓi gilashi ɗaya tun daga gida. In dole ka canja, kashe kyamarar, ba iska baya, kifa bakinta ƙasa, ka gama cikin daƙiƙa kaɗan. Da damina matsalar raɓa ce: in ka fito da ita daga mota mai sanyi zuwa iska mai laima, gilashi zai yi gumi, sai ka bar ta cikin jaka minti 15 ta saba. A gida ajiye ta tare da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, in ba haka ba fumfuna na iya kama cikin gilashin.

Guzuri bai da yawa: fawa banki mai 10,000mAh, batir na biyu, ƙyalle mai laushi, ɗan famfon hure ƙura, leda mai zif, ruwan sha lita 2, hula, tocila, rufaffen takalmi da sanda. Kar ka bar waya a gaban mota cikin rana. In ta yi zafi takan rage aiki ko ta rufe kyamarar gaba ɗaya.

Tsara hoton

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kuma fili mai faɗi da ke burge ido yakan zama layi ɗaya siriri a hoto. Maganinsa a samu abu uku: na kusa, na tsakiya, na nesa. Misali kunyoyin gyaɗa a ƙasan hoton, manomi da garmar shanu a tsakiya, jerin giginya a can baya. Tsuguna har wayar ta kai gwiwarka, sai kunyoyin su girma su ja ido zuwa ciki. Turba, shingen kara, bakin rafi, layin dogo, duk aikin da suke yi ke nan.

Daidaita inda sama ta haɗu da ƙasa a kan ɗaya daga layukan raga, kar ya karkace. In sama na da hadari, ba ta kashi biyu. In fara ce, ba ta kashi ɗaya ko ƙasa da haka. Kafin ka danna, zagaya gefunan allo huɗu da ido: baƙar leda a kan ƙaya, wayar lantarki, rabin babur, inuwarka. Taki ɗaya zuwa hagu yakan kawar da su.

Gini kuma, in ka tsaya a gindinsa ka ɗaga waya sama, zai fito kamar zai faɗi ta baya, zankwayensa suna matsowa juna. Ja da baya, riƙe wayar a miƙe sak, ka yi amfani da 2x. Ganuwa ba a gane girmanta sai an ga mutum, jaki ko keke a gindinta. Jira mai wucewa.

Kufai da wuraren da aka bari

A nan ne aikin yake da daɗi, a nan ne kuma yake da haɗari. Wasu wuraren sanannu ne: ragowar ganuwar Kano da ake ta cinyewa da gine-gine da haƙar ƙasa, katangun da ke kewayen Kufena a Zariya, Turunku, ganuwar dutse ta Surame da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, Alkalawa ta Gobir da ta faɗi a 1808, unguwar Birni a Damagaram. Akwai kuma ƙananan tashoshin jirgin ƙasa: dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, kuma a kan waɗannan layuka akwai tashoshi, tankunan ruwa da gidajen ma'aikata da suka daɗe ba kowa. Amma mafi yawan kufai ba su da suna a taswira. Alamarsu ita ce kukoki da yawa a cure a inda babu gari, tudun juji, tsingaro a warwatse bayan ruwan sama, dutsen niƙa, ramukan marina, wani lokaci kashin maƙera.

Matakin farko tambaya ce a kan tsaro. Wasu daga cikin wuraren nan suna yankunan da 'yan bindiga ke yawo, musamman a Zamfara da sassan Sakkwato, Katsina da Kaduna. A arewa maso gabas kuma, garin da rikici ya tasa ba wurin yawon hoto ba ne, domin ana iya samun abin fashewa a binne. Tambayi direbobin tasha da mutanen garin a ranar da za ka tafi, ba labarin makon jiya ba. In sun yi jim, fasa.

Na biyu, da ɗan gari akan ci gari. Ka fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci. Yi sallama, gaisa sosai, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, ni mai ɗaukar hoto ne daga gari kaza, ina neman izinin ɗaukar tsohuwar ganuwa, ko za a haɗa ni da wanda zai raka ni?" Baƙo da kyamara a bayan gari, a wannan zamani, ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri, kuma ba laifin mutane ba ne. Ɗan rakiya zai kare ka daga wannan, zai nuna maka inda tsohuwar rijiya take, inda maƙabarta take, da wurin da mutanen gari ba sa so a taka. Ka sallame shi da abin kirki. Tashar jirgi kuwa tana da mai ita ko da ta zama kango, nemi maigadi. Barikin soja, shingen jami'an tsaro, madatsar ruwa da gidan yari, kar ka ɗaga musu waya. Jirgi marar matuƙi ma a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa.

Na uku, shiga da hankali. Kada ka je kai kaɗai, kuma wani a gida ya san inda kake da lokacin dawowarka. Tsaya a ƙofa ka haska rufin da tocila: in azara ta lotsa, ko ka ga hanyar gara a jikinta, ko ƙasa sabuwar zubowa a daɓe, ɗauki hotonka daga bakin ƙofa. Ginin ƙasa ya fi faɗuwa a kwanakin da suka biyo bayan ruwa mai yawa, don tubali ya sha ruwa ya yi nauyi. Kar ka hau katanga ko rufin soro. Ban da haɗarin, kowane taki yana zubar da abin da ka zo ɗauka. Daddoki ciyawa da sanda kafin ka taka, domin bakin rijiya, masai da ramin marina a cikinta suke ɓuya, haka ma kububuwa da kasa. Kar ka sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A hana shi yawan motsi a kai shi asibiti nan take. Kogon kuka sau da yawa gidan zuma ne, saurara kafin ka matsa. Ɗakin da jemagu suka cika da kashi kuma, rufe hanci ka taƙaita zama.

Cikin ɗaki duhu ne, ƙofa kuma haske, waya ba za ta iya ɗaukar duka biyun daidai ba. Zaɓi ɗaya. In bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufi, da jeren azarar rufi kake so, ba ƙofar baya don haskenta ya zama fitilarka, ɗora wayar a kan mai ƙafa uku ko a jikin jaka, sa agogon jinkiri na daƙiƙa 3 don girgizar yatsa ta lafa, ka bar ISO a 100 zuwa 400 da saurin 1/4 zuwa daƙiƙa ɗaya. In kuma siffar ƙofar kake so, danna kan hasken waje, cikin ya zama baƙi ya kewaye abin da ke waje. Filasha tana kashe zurfin ɗaki, tana kuma haska ƙurar da ke yawo ta fito fari-fari.

Kowane wuri ka fito da aƙalla hoto iri uku: na nesa mai nuna ginin da muhallinsa, na tsakiya mai nuna ƙofa ko kusurwa, da na kusa sosai, irin bakin indararo da ya tsage, ko tubalan da yaɓe ya zube ya bar su a jere. Tsingaro da duk wani tsohon abu, ɗauke shi a hoto inda ka same shi, ajiye biro a gefensa don a gane girmansa, ka bar shi nan. Dokar kayan tarihi ta hana kwasa da sayarwa, kuma abin da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa rabin labarinsa. Zanen duwatsu irin na Birnin Kudu ba a taɓa shi, ba a kuma watsa masa ruwa wai don launi ya fito.

Mutane a hanya

A kasuwar ƙauye, bakin rijiya ko mashayar dabbobi, gaisuwa ce gaba. "Baba, sannu da aiki, in ɗauke ka hoto?" In ya ce a'a, shi ke nan. Matan aure da cikin gida sai da izini bayyananne. Yara sai da yardar babba. Ruga sai an ga ardo ko maigidan. In an yarda, kar ka sa mutum ya ƙame. Ce masa ya ci gaba da abin da yake yi, ka ɗauka sau da yawa, sannan ka nuna masa. Fuska mai duhu a ƙarƙashin malafa tare da farar riga tana rikita kyamara: matsar da shi bakin inuwa yana fuskantar fili, danna kan fuskar, ƙara +0.3.

Bayan an dawo

Zaɓi kaɗan, goge masu girgiza da maimaici. A manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom bi wannan jeri: miƙar da layin ƙasa, yanke gefen da bai da amfani, rage wuraren haske, ɗago inuwa kaɗan, sannan launi. Ƙarin launi kar ya wuce 10 zuwa 15. Jar ƙasarmu da wuri take komawa ruwan lemo. Maɓallin cire hazo ma a taɓa shi da sauƙi, in ya yi yawa sama takan yi dabbare-dabbare. In wayarka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da waya ba ta matse ba, yi amfani da shi a wuraren da haske ke da wuya kawai, don kowane hoto na iya cin 20MB ko fiye.

Sa wa kowace folda kwanan wata da sunan wuri, kamar 2025-01-14 Ganuwa gabas, ka rubuta abin da dattawan garin suka gaya maka game da wurin tun kafin ka manta. Ginin ƙasa da ba a yaɓe damina kaɗan yake yi ya canja kama, don haka in ka koma baɗi, tsaya daidai inda ka tsaya, da gilashi iri ɗaya, a lokaci iri ɗaya, yadda za a iya jera hotunan biyu a ga abin da ya zube. Ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ko memori, ɗaya a Google Photos ko makamancinsa. WhatsApp yana matse hoto. In kana so ya isa da ingancinsa, tura shi a matsayin fayil. Sai dai fayil ɗin yana tafiya da bayanin ainihin inda aka ɗauke shi in GPS na kunne, saboda haka cire wannan bayanin kafin ka tura hoton gidan wani, ruga, ko kufan da ke da kayan da masu haƙa za su yi kwaɗayi.